Daɓen Aji Huɗu

Ƙasan ajin na fara dubawa. Ranar Litinin ɗin da ta wuce na raka 'yata Maryam kai jikata sabuwar makaranta. An yi ruwa da asuba, gari ya yi lumshi irin na ƙarshen damina. Maryam sai mita take yi: fanka ɗaya ba ta juyawa, labulen taga ya koɗe, malamar ba ta amsa gaisuwa da kyau ba. Ni kuwa idona na ƙasa. Tayil ne fari tas, an goge shi har yana ɗaukar ido. Na sa ƙafa na ɗan murza shi. Maryam ta ce, "Mama, me kika yar?" Na ce ba komai.

Tun ina yarinya haka nake. Kunya ta hana ni kallon fuskar mutane, sai na san duniya ta ƙasa: ƙafafu, takalma, tururuwa, inda ruwa ya bi. Shi ya sa ranar da muka isa sabuwar makarantarmu a bayan unguwar Shamaki a Gombe, shekarar da zan shiga aji huɗu, kafin in ga malami ko allo, ƙasa na gani. Babu siminti, babu daɓe. Yashi ne jiƙaƙƙe, ya yi baƙi, kashin awaki ya rufe shi tun daga bakin ƙofa har gindin allo. Sai zarni ya biyo baya.

Lokacin ne kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta. Aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa. Wanda ya gina namu ya ɗora kwano, ya shafa fenti a bangon da ke kallon titi, ya tafi bai sa ƙofa ba, bai yi ƙasa ba. Duk tsawon dogon hutu awakin unguwa a nan suka yi ta fakewa ruwa.

Da Dada muka je, mahaifiyata. An ce kowane yaro ya zo da babba ya dangwala hannu, Baba kuwa direban babbar mota ne, ya tafi kudu ɗaukar siminti, wata biyu ba mu gan shi ba. Ni ce 'yar fari, don haka Dada ba ta kiran sunana, ba ta kallona a gaban mutane. "Ke" take ce mini, in ta yi maganata da wani ta ce "wannan". A hanya ma gaba ta yi, ina biye da ita nesa-nesa, kamar ba tare muke ba. Amma da ta leƙa ajin nan sai na ga yatsun ƙafarta sun naɗe cikin silifa. Dada mace ce da ke wanke tsintsiya bayan ta yi shara. Ta ja gefen mayafi ta toshe hanci, ta juya ta tofar da yawu, ta sake tofarwa.

Malaminmu, Malam Dauda, saurayi ne sabon fitowa, da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa da shi. Ya zo da fara'a ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Inna. Yaya ibada?"

"Lafiya. Malam, nan ne turken, ina ajin?"

"Ai nan ne ajin, Inna. Za a share. Siminti muke jira."

"Siminti. To, ni ma shi nake jira, da mai ɗauko shi. Ka ga ƙafarka kuwa?"

Ya duba. Ƙuma ce ta yi baƙi a ƙasan wandonsa, tana tsalle. Ya hau bugewa yana dariyar kunya. Dada ta dangwala hannu a takarda da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai taɓa mushe. Da muka fito, ba ta juyo ba ta ce, "Mako guda na ba su. In ba a gyara ba, kin gama boko."

Na san ba barazana ba ce. Dada ba ta faɗin magana sau biyu.

Azumi ya kama a wannan watan, kuma shi ne na farko da nake kai wa har magariba. Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Gyaɗa ta lalace a gonaki, tsohon hatsi ya ƙare a kasuwa, sabon gero bai isa yanka ba. Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kaya suka tashi sama suka bar irinmu a ƙasa. A gidanmu gero ya koma na kunu kaɗai, tuwo sai na garin rogo, miya kuwa tafasa ce yau, gobe rama. Idan aka yi ruwa da safe, zuwa azahar rana ta buɗe, ƙasa ta riƙa huci kamar tukunyar da aka buɗe wa murfi. Leɓena yakan bushe har ya tsage.

Mun share ajin ranar Litinin da Talata, amma zarnin ya riga ya shiga ƙasa, ƙuma kuwa kamar shara ce ke haifar ta. Babu benci, kowa da ɗan buhunsa ko guntun tabarma. Ni na zaɓi lungun da ke ƙarƙashin taga ta ƙarshe, inda ba mai ganina, kusa da ƙawata Rifkatu 'yar unguwar Herwagana. Ƙafafuna suka yi rudu-rudu da cizo. Da yamma Dada takan jawo su ta shafa musu man kaɗanya da ƙarfi, fuskarta na kallon wani wuri, tana tsaki.

Ranar Laraba Malam Dauda ya kawo dabara. Ya ce a makarantar ƙauyensu, kashin shanu ɗanye ake damawa da ruwa a shafe ƙasa da shi, in ya bushe ya yi santsi, ba ƙura ba ƙuma. Ya ce ranar Juma'a da safe kowa ya zo da kwano guda cike. Wanda bai kawo ba kada ya shigo.

Na koma gida da maganar a ciki, na kasa fitar da ita. In na faɗa wa Dada, makon da ta bayar ya ƙare a ranar. In ban kai ba, Malam zai tsayar da ni a gaban aji kowa ya kalle ni, abin da na fi tsoro ke nan a duniya. Sai na yanke in kai a ɓoye. Saura abin zubawa. Kwanonin Dada na jere suke, kowanne da mazauninsa, ko murfi aka gusar sai ta gane. Amma ƙore suna kife a kan danki, ɗan gadon itacen shanya kwanuka, a bayan madafa, ba mai lura da su sai yamma. Ranar Juma'a da sassafe, tana wanka, na zari guda na sa ƙarƙashin hijabina. Ban tsaya zaɓe ba. Sai a hanya na ga ita ce mai zanen wuta a baki, ƙwaryar kunun buɗa-baki.

Ni da Rifkatu muka bi ta wajen da masu shanu ke ɗaure dabbobinsu kafin kasuwa. Ruwan daren jiya ya kwaɓa wurin. Rifkatu ta sa guntun kwali ta kwasa tana dariya. Ni na kwasa ina kakari. Abin da ɗuminsa, kore-kore, da guntayen ciyawa a ciki. Na ɗora a ka, ya ɗan zubo ta gefen kunnena.

A aji muka zuba a tsakiya, aka kwarara ruwa, mu hamsin da wani abu muka durƙusa muna shafawa da tafin hannu. Ƙudaje suka taru kamar an yi musu shela. Wata yarinya ta yi amai, aka shafe da shi. Malam Dauda yana tsaye a bakin ƙofa yana cewa, "Yawwa, ku kai lungu. Kafin Litinin za ku ga abin mamaki."

A hanyar gida na tsaya a kwari na wanke ƙwaryar da yashi. A gida na faki ido na sake wanke ta da toka, da ruwan duro, ruwan da Dada ke tara wa daga indararo tana aunawa da moɗa, don a Gombe ta wancan lokaci ruwa ba abin wasa ba ne. Na shanya ta, ta bushe. Na shinshina, ban ji komai ba. Na kife ta a inda take.

Abin da ban sani ba, ƙwarya ba kwano ba ce. Tana shan abin da aka zuba mata, ta riƙe.

Da magariba ta gabato Dada ta dama kunun tsamiya da ɗan geron da ya rage, ta juye shi da zafinsa cikin ƙwaryar. Muka zauna a tabarma, ni da ita da ƙannena biyu, muna sauraron kiran salla. Tururi yana tashi. Ni na fara jin warin, don ina jiransa. Ladan ya kira, Dada ta yi bismilla, ta kai ludayi baki. Ba ta haɗiye ba. Ta tashi da sauri ta furzar a bakin rariya, ta kurkure baki sau uku, ta dawo ta ɗaga ƙwaryar ta shinshina gindinta.

"Wa ya taɓa ƙwaryar nan?"

Ƙannena suka juyo suka kalle ni.

"Ke. Da ke nake."

Na faɗa mata komai, idona a kan tabarma. Ina jiran duka, ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki kunun nan, na yini guda cur, ta tuttular a rariya, ƙannena na kallo suna kuka. Ta kife ƙwaryar ta taka ta da diddige har ta tarwatse.

"Kashi," ta ce. "Na aika ki neman ilimi, an sa ki dakon kashi. Da hannun da kike ci. Da azumi a bakinki." Ta sa sanda ta ɗago rigar makarantata daga igiya, ta cusa ta cikin tsohon buhu, ta jefa bayan ɗaki. "Shi ke nan. An gama."

A ranar, da ruwa da dafaffen rogo muka buɗe baki.

Mako guda na yi ban fita daga gida ba. Da hantsi in yi wanke-wanke, in tsince tafasa, in daka rogo. In hadari ya haɗo mu fito da duk abin da ke riƙe ruwa mu jera a ƙarƙashin indararo, ruwan farko a zubar don ya wanko kwano, na biyu a tara. Bayan azahar kowa ya nemi inuwa ya kwanta kamar an zare masa laka. Ban yi kuka a gabanta ba, ban kuma roƙe ta ba. Ban taɓa roƙon Dada komai ba, ban san ta inda ake farawa ba. Da safe dai nakan tsaya a bayan ƙyauren zaure in leƙa ta tsaga, in ga ƙafafun 'yan makaranta suna wucewa. Na san takalmin kowa.

Ranar Laraba da la'asar Maman Rifkatu ta yi sallama, da ɗanyar masara a ƙullin zane, wai an kawo mata daga gida, ta ce a gasa a sha ruwa da ita. Sun saba da Dada tun a wajen niƙa. Mace ce mai murya, in tana magana a tsakar gida ana ji a titi.

"Ina Hauwa? Rifkatu ta ce an tsare ta a gida. Lafiya?"

"Lafiya lau. Wannan ta gama."

"Ta gama me? A kan kashin shanu? Ke Dada, ji mini mace! Ku da kakanninku suka kwana tsakiyar garke, yau ke ce mai ƙyamar saniya?"

"Kakannina a garke suka bar shi. Ba su sha kunu da shi ba."

Maman Rifkatu ta yi dariya har da dafa bango. Sannan ta zauna a kan turmi, dariyar ta ɗauke.

"Ai gara ke. Ni da na bar tawa, zo ki ga. Abin bai bushe ba. Ina zai bushe, kullum ruwa, ba rana a ɗakin? Ya kumbura ya yi tsutsa. A kai suke zama. Jiya da na wanke siket ɗinta sai da na zubar da ruwan a waje. Yaran kirki fa, 'yan mitsi-mitsi, suna ta karanta a, ba, ca, tsutsa na bi ta ƙarƙashinsu."

"Ya isa," in ji Dada.

"Farare ƙal, masu ƙiba..."

"Na ce ya isa, Maman Rifkatu, ina azumi!"

Da aka sha ruwa Dada ta gasa masarar ta ba mu, ita ba ta ci ba. Ta kai loma baki ta ajiye. Kashegari ma haka. Ina ganinta tana shara sai ta tsaya ta yamutsa fuska ita kaɗai, ta tofar da yawu. Ranar Juma'a da safe ta shiga ɗaki ta jawo madaɓinta daga ƙarƙashin gado, katakon nan mai faɗin baki da ake bugun ƙasa da shi, ya yi sulɓi don daɗewa. Ta sauko da buhun makuba, ɓawon ɗorawa da ta adana tun bazara, ta jiƙa a babbar tukunya.

"Ke, je ki ce wa Maman Rifkatu gobe da safe ta zo da fartanya da duk macen da ke da ɗa a ajin nan." Ta rufe tukunyar. "Ba don ke ba. Abinci ne ya ƙi shiga mini."

Mata tara suka zo ranar Asabar, wasu daga Shamaki, wasu daga Herwagana. Warin ya tare mu tun daga gindin dogonyaron da ke bakin makaranta. Abin da Maman Rifkatu ta faɗa bai kai rabi ba. Dada ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta naɗe zane, ita ta fara shiga. Suka kankare ƙasar nan da fartanya har sai da suka tarar da jan yashi mai tsabta, muka yi ta kwashewa muna zubarwa can cikin kwari. Malam Dauda ya iso yana ta ba da haƙuri.

"Wallahi Inna, a garinmu yana yi."

"Da rani ake yi a garinku ko da damina?"

Ya sosa ƙeya. "Da rani ne."

"To naɗe wandon nan ka ɗebo mana ruwa."

Ya naɗe kuwa, har gwiwa.

Aka ɗebo marmara daga gefen kwari, aka baza, aka yayyafa ruwa. Matan suka jeru a durƙushe suka fara bugu, tim, tim, tim, kwanon rufi yana amsawa. Da rana ta take, masu azumi suka fara jiri, sai Maman Rifkatu ta ce, "Ku matsa, 'yan yunwa, ku bar masu tuwo a ciki." Su suka riƙe bugun har la'asar. Ranar Lahadi masu azumi suka fara da safe, su kuma suka iso bayan an tashi daga coci, da kayan adonsu a ƙulle a ka. Aikina yayyafa ruwan makuba. Ja ne wur kamar shayi mai kauri, yana da ɗan ƙamshi mai ɗaci. Duk inda ya sauka aka buga, ƙasa sai ta yi duhu ta haɗe.

Dada ba ta huta ba ko sau ɗaya. Na ga tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ta yaga gefen ɗankwali ta ɗaure ta ci gaba. Ba ta yi mini magana ba, ban da "zuba nan" da "ya isa".

Ranar Talata da yamma aka yi bugun ƙarshe, yara sun yi kwana biyu suna karatu a gindin bishiya. Ina bakin ƙofa da tukunyar makuba na ji Dada ta kira Rifkatu, ta rage murya.

"Wannan, a ina take zama?"

Rifkatu ta nuna lungun taga ta ƙarshe. Dada ta bari sai da matan suka fara haɗa kaya, sannan ta ja gwiwa zuwa lungun, ta yayyafa makuba da hannunta, ta buga. Ta shafa da tafi, ta sake yayyafawa, ta sake bugawa. Wurin ya riga ya yi, kowa ya gani. Ta daɗe a kansa. Na sunkuyar da kai kamar ban gani ba, don na san in ta san na gani za ta tashi.

Da ta gama ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu. Daɓen ya yi ja mai duhu, sumul, hasken yamma na kwance a kansa. Ta kwance ɗankwalin hancinta, ta ja numfashi a hankali, ta sake ja. Ba ta tofar da yawu ba.

Matan suka yi gaba suna hira. Muka rage mu biyu, ita a gaba, ni a baya da tukunya a ka, rana ta yi ja. Buhun da rigata ke ciki yana nan bayan ɗaki, da safe ma na duba. Ina kallon diddigenta, makuba ta rina shi, da ɗan ɗingishin da take yi. Sai da muka zo daidai kwari, inda ba kowa, na ji muryata ta fita, 'yar ƙarama kamar ba tawa ba.

"Dada."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Wurin da kika buga sau biyu ɗin nan. Don Allah ki bar ni in zauna a kai gobe."